Katakon da Ya Yi Ƙarar Ƙwarya

Jalan Semarak, Kuala Lumpur
12 ga Yuli, 2021

Baba,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, da Inna, kuma gwiwarka ta yi sauƙi. Rabi ƙanwata, ki karanta masa a hankali, ban da tsallake.

Har yanzu muna kulle saboda korona. Gidan da nake rubuta kundin digirina a kansa ma an rufe shi. Wani Bature ne ya gina shi shekara ɗari da suka wuce, a salon maginan Ingila da suka ƙi aikin inji, suka ce sai na hannu. Katakan rufin a fili suke, an haɗa su da turakun itace, babu ƙusa. Tagoginsa ba biyu da suka zo ɗaya. Hukuma ta hana a taɓa shi, ko fenti sai da takarda.

Aikina in tantance katakon asali da wanda aka sauya. Na'urar da ke yin haka tana kulle a jami'a, ga bizata za ta ƙare a Disamba. In ban gama ba, haka zan dawo hannu rabbana. An ba ni awa biyu in shiga gidan ranar Laraba, ni kaɗai. Gaskiya ina jin tsoro. A sa ni a addu'a.

'Yarka,
Bashira

3 ga Oktoba, 2021

Baba,

Ina gaisuwa. Na ji saƙonka ta bakin Rabi, har da dariyar da ka yi wa na'urar.

Na yi yadda ka ce. Na shafa kowane katako da tafin hannu. Inda na ji sawun gizago, na asali ne. Inda ya yi sumul, aikin inji ne na baya. Sannan na ƙwanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda kake yi wa azara. Babban katakon falo, wanda ya fi kowanne kyau a ido, ya yi ƙarar busasshiyar ƙwarya. Na rubuta cewa gara ta cinye cikinsa. Malamina bai yarda ba, ya ce kunne ba hujja ba ne. Wata biyu kundin yana ajiye a teburinsa.

Makon jiya aka buɗe jami'a, aka je gidan da na'urar. Gara ce. An tokare rufin, an kuma karɓi kundina.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Tun ina sakandare, in an tambayi sana'arka sai in ce ɗan kwangila ne, don ina jin kunyar in ce maginin ƙasa. Ka yafe mini.

A kundin akwai shafin da ake bayyana hanyar bincike da inda aka samo ta. Na rubuta sunanka: Malam Bala Magini, Zariya.

'Yarka,
Bashira