Layin da Na Goge Daga Tarihin Goggo

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Mu nan kowa ƙalau, sai Goggo da idonta ya ƙara rauni, yanzu komai sai an karanta mata.

Maganarta ce ma ta sa na rubuto miki. Kin san ina taya masu kundin ilimi na intanet gyaran rubutu. Wani ya rubuta tarihin Goggo a ciki, ya fara da cewa ita ce mace ta farko da ta shugabanci aikin gina gada a yankinmu. A ƙa'idarmu ba a buɗe tarihin mace da cewa mace ce, tunda ba a yi wa namiji haka. Aikin mutum ake fara faɗa, zaman ta mace da sauran bayani su biyo baya. Ni kuwa da zaƙewa sai na goge layin ɗungurum, har da inda aka ce leburori sun ƙi bin umarninta a farkon aikin.

Ranar Asabar na shiga ɗakinta, na zauna a bakin gado na karanta mata, ina ta jin kaina. Ta saurara har ƙarshe tana jan carbi. Sai ta ce, kamar tarihin wani namiji na karanta mata, lallai wannan injiniyan ya yi ƙoƙari, Allah ya saka masa da alheri, da gani bai taɓa rasa banɗaki a wurin aiki ba, kuma ba a taɓa shigowa ofishinsa aka tambaye shi ina mai ofishin ba. Tana faɗa tana dariya, Yaya, amma ni ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Tun ranar na mayar da layin inda ya dace, ƙasa da bayanin aikinta. Da na ce zan sake karanta mata, sai ta ce in bari, in miƙo mata maganin ido. Har yau ba ta sake tayar da zancen ba.

Don Allah ki kira ta ki karanta mata da bakinki. Ke ba za ta ce miki ki bari ba.

Ki gaishe da maigidanki da su Auta. Inna da Kawu suna gaishe ku.

Ƙaninki.