A Nuna Mini Wanda Zan Yafe Wa

Zuwa ga Kumandan sojan igwa,

Gaisuwa da girmamawa, da fatan kana lafiya kai da iyalinka. Ni ne Habu maƙeri, na bakin kasuwar Matamaye, uban Idi da aka ɗauka soja aka haye teku da shi. Na yi ta zarya a biro, wato ofishinku, har masu gadi sun san tarina, shi ya sa na sa a rubuta wannan, kowa ya ji.

Na ɗaya. An ce mini abokan gaba suka kashe Idi. Sai da abokin tafiyarsa, Sani na Dungu, ya dawo bara da ƙafa ɗaya, na ji gaskiya: igwarku ce.

Na biyu. An umarce su su bar wani tudu kafin azahar, domin lokaci na cika za a yi wa wurin ruwan wuta. Suna saukowa aka harbe wani ɗan'uwansu soja, mutumin garin Tsauni. Mu ba ma barin gawar ɗan'uwa a fili. Idi ya haƙa rami, suka jera sahu. Suna cikin kabbara agogonku ya cika. Wanda ya tsaya binne wani, shi ba a sami abin binnewa ba.

Na uku. Masu igwa suna can bayan dutse. Wani ya karanto lamba a waya, wani ya murɗa ƙarfe, wani ya ja igiya. Babu wanda ya ga ɗana, kuma an ce mini babu wanda ya yi kuskure. Ranka ya daɗe, wannan maganar ta fi mutuwar ci mini rai.

Roƙona biyu. A riƙa sa mutum mai ido ya duba kafin a saki wuta, domin 'ya'yanmu za su sake tsayawa kan gawa. Sannan a ba ni sunan mutum ɗaya cikin masu igwar. Ba ƙara zan kai ba. Na tsufa, ina tsoron in mutu da wani a raina, kuma na rasa wanda zan ce wa na yafe.

Allah ya ja zamaninka, ya raya maka naka.

Wassalam.
Habu Maƙeri, Matamaye