Azurfar da Ba a Fasa Mata Rufi

Gure, Talata da dare, 1995

Wata huɗu ba albashi. Yau na kai wa Mamman maƙeri sulallan azurfa biyun da Bature abokin koyarwata ya bar mini, kowanne a liƙe cikin roba da lambar darajarsa. Ya kira ni Mushe, yadda ake kiran malamin makaranta a nan, ya ce, "Sai na fasa na goga a dutse. Ni azurfa nake saye, ba roba ba."

In ya fasa, darajar ta tafi, masu tara irin waɗannan sulalla da za su biya ta kuwa suna Faransa. Amma ɗalibaina shida na jiran kuɗin mota zuwa jarrabawa a Damagaram ranar Asabar. Ni na yi musu alkawari a gaban allo, har suka tafa mini.

Na mayar da sulallan aljihu. Sai dai na roƙi Mamman kada ya rufe maƙera da wuri gobe.