Yatsuna Sun San Saƙarki

Mama,

Ina gaisuwa. Yaya ƙafar Baba? Ni lafiya lau, sai dai sanyin Chicago.

Neman ɗumi ya kai ni zauren coci, na tarar da mutanenmu suna koyon saƙa. Na ce musu shirme ne. Wata tsohuwa 'yar Peru, Doña Eusebia, ta ce, "Sarkin baki, zauna!" Ta ɗaura mini masaƙa a ƙugu irin taki. Mama, ba wanda ya taɓa koya mini, amma yatsuna suka fitar da zanen tsuntsun da ke jikin rigarki! Ranar na fara jin ina da gida a nan.

Ki aiko jan zare. Kada Baba ya ji ina saƙa irin ta mata.

Allah ya bar mana ke.

Macario