Inna, Ashe Kujerun na Aro Ne

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta addinin Musulunci, tare da ladabi da biyayya irin wadda kika hore mu a kai, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'imarSa, Ya yalwata miki makwanci, Ya haskaka shi. Mu nan muna lafiya. Damina ta yi albarka, gonarki ta bakin rafi Kawu Sule ne ya nome ta bana, ya zuba shinkafa. Takwararki ta fara zuwa islamiyya, kuma ta ɗauko tafiyarki sak.

Na san ba ki yi boko ba, na kuma san wannan takarda ba za ta iske ki ba. Mutanen duniya ne za su karanta ta, wasu a cikinsu ma sun san gidanmu. Na daɗe ina jin nauyin haka. Amma maganar ta cika mini ciki, ba ni kuwa da wanda zan amayar wa sai ke, domin maganar Yaya Lawan ce, ɗanki na fari, wanda har kika bar duniya ban taɓa jin sunansa a bakinki ba. "Yaron nan" kike ce masa, har bayan furfura ta soma tsiro masa a gemu.

Kin tuna lokacin da aka tura shi koyarwa can gefen Falgore? Aji guda ne a gindin tsamiya, rabin yaran daga rugage suke zuwa. Ranar Juma'a da yamma sai mu jiyo kukan tsohon babur ɗinsa tun daga bayan gari. Ya shigo ƙafafu duk laka, da kwalbar man shanu da iyayen yara suka ba shi. Ya zauna a zaure yana ba Baba labarin yaron da ya fara haɗa baƙi, da wanda ya gudu kiwo ya bi shi har daji ya dawo da shi. Ke kuma kina bayan katanga wai tankaɗe kike yi, alhali garin ya daɗe da ƙarewa a rariya. Ni ina ganinki, Inna. Ban dai taɓa faɗa ba.

Shekarar da iska ta yaye rufin makarantar garinmu aka sa shi cikin kwamitin makaranta. Gida-gida ya bi, wannan ya ba da azara, wancan ya ba da kwano ɗaya, wani ya ba da ƙarfinsa. Da kansa ya hau sama yana buga ƙusa, har guduma ta fasa masa babban yatsa, kika aika ni da man zafi, kika ce kada in ce ke kika ba ni. Daga nan sunansa ya fita. Ba a jima ba aka naɗa shi mamba a hukumar ilimi, malaman da ke fashin aiki suka riƙa jin tsoron ƙarar babur ɗinsa daga Kiru har Doguwa. Kuma ba zan ci amanarsa in ɓoye wannan ba: shi ya tsaya kai da fata sai da na je kwalejin horon malamai, lokacin da Baba yake jan ƙafa. Allin da nake riƙewa yau, shi ya ɗora mini shi a hannu.

Sai dattawa suka zo suka ce ya fito takarar majalisar dokokin jiha. Da labari ya shigo cikin gida, ba ki ce a'a ba, ba ki ce to ba. Cewa kawai kika yi, tuwon girma miyarsa nama. Ranar da ya ci, mata suka cika tsakar gida da guɗa, ke kuwa kika shige ɗaki kika ja ƙofa. Da na leƙa na same ki a kan sallaya. Ba ki juyo ba kika ce, "Ki gaya wa yaron nan, ƙuri'a ba kyauta ba ce, ajiya ce aka ba shi."

Na gaya masa, Inna. Ya sunkuyar da kai ya ce ya ji.

Ba ki ga ƙarshen zangonsa na farko ba. Wani lokaci nakan ce Allah Ya yi miki sutura ne da Ya ɗauke ki a lokacin, kina ganin rijiyar burtsatse da ya haƙa a bakin masallaci, da kwalbatin da ya sa a hanyar Yako inda ruwa ke tare mutane ranar kasuwa. Iyakar abin da kika gani ke nan, kuma mai kyau ne.

A zango na biyu abubuwa suka sauya. Ba rana ɗaya ba, kaɗan-kaɗan, kamar yadda gara ke cin azara. Ya kwashe iyalinsa ya mai da su Kano, yaran suka shiga makarantar kuɗi. Waya ta daina shiga. Mutumin garinmu zai yi sammako ya hau mota, ya wuni a bakin ƙofa, mai gadi ya ce masa Honarabul yana zaman majalisa. Sai ya dawo ya zo wurina, ba da faɗa ba, ya gaishe ni, ya ce ya je bai samu ganin Yaya ba. Wannan gaisuwar ta fi zagi ciwo. A makarantarmu, inda nake koyar da aji uku, an kawo malamai biyu da sa hannunsa. Ɗaya yana can yana sayar da waya a bakin titi, ɗayan ko fuskarsa ba mu sani ba. Mutumin da malamai masu fashin aiki ke gudu, yau shi ke kawo su.

To, ga abin da ya hana ni sakewa har yau.

Da zaɓe ya ƙarato, aka zo aka gyara azuzuwa biyu a makarantarmu. Gyaran dai fenti ne, shi ma a bangon da ke kallon hanya. Aka rubuta sunanki a jiki da manyan baƙaƙe, cikakken sunanki, wanda ko Baba bai taɓa kira a gabanmu ba. Yara suka taru suna haɗa shi da ƙarfi, baƙi-baƙi, ni kuma ina wucewa kaina a ƙasa. Na ce a raina ba komai, in dai yara za su amfana, lada zai iske ki.

Ana gobe za a buɗe, babbar mota ta zo da kujeru da tebura, masu kyau, an shafe su da mai suna ƙyalli. Inna, yaran ajina tun da suka shigo makaranta a kan buhu suke zama. Wasu ba su taɓa ɗora littafi a kan tebur ba. Labari ya bazu har rugage, Arɗo da kansa ya turo yara biyar da ya daɗe yana hana su zuwa, ya ce tunda abin ya zama na gaske, ga nasa.

Ranar buɗewa aka kafa rumfuna, aka kawo lasifika da masu ɗaukar hoto. Yaya ya zo cikin farar shadda, ya shiga ajina da baƙinsa, ya dafa kan wata yarinya aka ɗauke su hoto. A jawabinsa ya ambace ki. Ya ce kin sayar da ƙuli-ƙuli kin saya masa littafi, ya ce duk abin da yake yi wa ilimi don ke yake yi. Ya share ido. Ni ma na yi kuka, domin maganar ƙuli-ƙulin gaskiya ce.

Baƙi ba su daɗe da tafiya ba sai motar nan ta dawo. Na ga direban yana magana da hedimasta, na ga hedimasta ya cire hula ya mayar. Ya kira ni gefe, bai iya kallon idona ba. Ya ce kujerun na wata makaranta ne can hanyar Bebeji, aro aka yi, yaran can a ƙasa suka wuni, kuma dole a mayar kafin yamma. Ya ce shi bakinsa ba zai iya faɗa wa yara ba, ko zan taimaka, tunda ni ƙanwar Honarabul ce.

Na shiga aji. Suna zaune tsaf, kowa ya ɗora hannu biyu a kan tebur kamar yadda na koya musu da safe. Na ce su tashi. Suka tashi. Na ce su ɗauki kujerun su kai mota. Da hannuwansu suka ɗauka, biyu-biyu, suna lallaɓawa don kada su ƙuje. Wata ƙaramar yarinya daga rugar Arɗo, Dija, ta tsaya a gabana ta ce, "Malama, wanke su za a yi a dawo da su?"

Na juya ina goge allon da babu komai a jikinsa. Kin sha faɗa mana cewa kayan aro ba ya rufe katara. Ranar na gan shi da idona, a ɗakin da ke ɗauke da sunanki.

Yaran Arɗo ba su ƙara zuwa ba. Na taka har rugar na roƙe shi. Ya karɓe ni da mutunci, ya sa aka dama mini fura, ya ce ba ya riƙe da ni a zuci, amma shanu ba sa yi wa yaro ƙarya. A cikin gari kuwa, in na shiga gidan suna sai hira ta yanke. Har na fi son a zage ni in ji.

Na je Kano na samu Yaya. Ni mai gadi bai hana ni shiga ba. Na ce masa abu ɗaya nake roƙo, ya sa a goge sunanki daga bangon nan. Ya yi dariya, ya ce siyasa ce, ba zan gane ba, kowa haka yake yi, in an sake zaɓensa zai kawo na gaske har da ƙari. Ya sa aka cika mini leda da atamfofi masu hotonsa in raba wa mata. A falon na bar su. Tun da nake ban taɓa fita daga gabansa ba tare da sallama ba sai ranar.

Ranar zaɓe ta zo, akwatin ƙuri'ar unguwarmu kuwa a harabar makarantar yake. Mutane suka yi layi a gaban bangon nan mai fenti, ba hayaniya, ba faɗa. Da aka ƙirga, ya faɗi a akwatin unguwarmu, ya faɗi a mazaɓar gaba ɗaya. Ni ma ban dangwala masa ba, Inna. Na daɗe a tsaye da tawada a yatsa, har ma'aikacin zaɓe ya tambaye ni ko lafiya. Ban yi nadama ba, amma kunyar ba ta bar ni ba: kunyar abin da ya yi, da kunyar abin da ya sa na yi wa ɗan'uwana.

Bayan faɗuwar, waɗanda ke cika masa falo suka watse kamar an jefa dutse cikin tsuntsaye. Hawan jini ya kwantar da shi. Da ya ɗan samu sauƙi ya dawo gida, ya sa aka share ɗakin Baba ya zauna a ciki. Ta lungun baya yake bi zuwa masallaci don kada ya wuce ta gaban makaranta. Ni nake aika masa abinci, wani lokaci in kai da kaina. Ya rame, shaddar ta yi masa yawa. Wata rana na ajiye kwano zan fita, ya ce in zauna. Na zauna, sannan ya ce, "Binta, da Inna tana raye, me kike jin za ta ce mini?"

Na ce ba za ki ce komai ba, tuwo za ki zuba masa ki tura ni in kai. Ya rufe fuska da hannun riga. Ban taɓa jin tausayinsa kamar ranar ba. Na ga malamin nan na gindin tsamiya ya leƙo daga cikin mutumin da na daina ganewa, na ce Alhamdu lillahi, ashe yana nan.

Shi ya sa abin da ya faru makon jiya ya tsorata ni, har na zauna rubuta miki wannan. Motoci uku suka tsaya a ƙofar gida, mutane masu sababbin huluna suka fito, wai daga wata jam'iyya. Suka daɗe a zaure. Na zo wucewa na ji suna cewa mutane mantuwa gare su, sunansa har yanzu yana da nauyi, fosta kawai za a buga. Sai na ji dariyarsa. Ba dariyar gida ba, waccan ta falon Kano. Washegari ya aika a kira masa tela ya ɗinka masa sabuwar shadda.

Bai ce mini komai ba tukuna, ni ma ban tambaya ba. Ƙanwa ce ni, akwai iyakar abin da bakina zai iya. Ke ce mai iya tsayar da shi ba tare da kin ɗaga murya ba, kuma ba kya nan.

Don haka na koma ga Wanda kika koya mana komawa gare Shi. Ya Allah, Ka jiƙan Inna, Ka gafarta mata, Ka haɗa ta da Baba a Aljanna Firdausi, kada Ka kama ta da abin da aka yi da sunanta ba da saninta ba. Ka yafe wa Yaya Lawan, Ka ba shi lafiya, Ka ba shi ikon neman gafarar waɗanda ya ɓata wa tun yana da sauran numfashi. In kuwa komawarsa kujerar nan ba alheri ba ce gare shi da mutane, ya Allah Ka hana shi, ko da zai yi kuka, ko da ba zai taɓa sanin cewa ƙanwarsa ce ta roƙa ba.

Ki yafe mini, Inna, da na fitar da maganar gida waje. Allah Ya sada mu cikin rahamarSa.

Wassalam.

'Yar autarki,
Binta