Hoton Hedimasta a Bangon Mujallarmu

Birnin Kebbi, daren Laraba, 1961

Har yanzu raina a ɓace yake. Wata biyu na yi ina tsara mujallar waƙoƙi don samari da 'yan matan makarantarmu. Na zana makaɗin kalangu a bango, na sa waƙoƙin gaɗa a shafin farko da manyan haruffa, yadda duk wanda ya buɗe zai kama rerawa. Hedimasta ya duba ya ce, "Malam Bala, mun samu mulkin kai, ba a sa maroƙi gaba." Ya cire zanena ya sa hotonsa sanye da kwat, ya tura waƙoƙin can ƙarshe. Mutumin da ko tafi bai iya ba!

Yau na kai ɗalibai Argungu. A bakin gulbi kowa ya fito da shafin ƙarshe a yage, suna ta waƙa. Na tambayi Hassi, 'yar ajina, ina sauran mujallar. Ta ce, "Malam, mun ba mai tuya."

Na shiga kasuwa na sayi soyayyen kifi, aka naɗe mini shi da fuskar Hedimasta, mai ya jiƙe hancin sharkaf. Ban yar da takardar ba. Gobe zan kai mishi tsaraba a cikinta.