Duwatsun wuyan da ka aiko wa jaririya

Naju, 9 ga Afrilu

Zuwa ga ɗana Gyu-tae,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata sanyin Faransa bai taso maka da tarinka ba. Kullum da safe ina ɗora ruwa mai tsabta a kan randar miya in roƙa maka lafiya. Ƙanwarka Seon-ok ta sauka lafiya, an samu mace. Mun ɗaura igiyar kara da gawayi a ƙofa don tsare mai jego kamar yadda aka saba, tana shan miyar ganyen teku sau uku a rana.

Saƙonka ya iso. Seon-ok ta ga duwatsun wuya shuɗɗa, ta yi murna har ta ɗora su a ƙirjin jaririya, sannan ta karanta mini takardarka. Wai ka tono irinsu a tulun da aka binne wata yarinya a ciki shekara dubu da ɗari biyar da suka wuce, ka ƙona gefensu da hasken na'ura, ka gano daga Indiya aka kawo gilashin, sai ka sa aka narka sababbi daidai da su, kala da girma. Har da cewa an same su tsakanin haƙoranta! Haba Gyu-tae! Uwa ta sanya wa gawar 'yarta abu tana kuka, kai kuma ka kwaikwaya ka aiko wa 'yar kwana biyar. Duk karatun nan ba wanda ya koya maka kunya?

Ƙanwarka ta wanke jaririya sau biyu, ta ce yayanta ya daɗe da matattu har ya manta yadda ake yi wa masu rai barka. Mijinta ya ce ai sabon gilashi ne, na ce ya rataya wa uwarsa.

Ka ce za ka zo ranar sha biyar. Kada ka zo. Mai taɓa kabari ba ya ƙetare igiyar nan sai an cika kwana ashirin da ɗaya. Bayan nan ka tsaya a waje in watsa maka gishiri, ka ba ƙanwarka haƙuri. In ta yarda ka ɗauki 'yar, to.

Duwatsun kuwa na kai su bayan gonar baffanka na binne. Kada ka tambaye ni wurin, na san sana'arka.

Gwaggonka Bok-rye tana gaishe ka. Ka gaida matarka Eun-sil, ita ma ya kamata a ce ta hana ka.

Mahaifiyarka